Makunnin da Ya Maƙale

Da wuya hankali ya ɗauka cewa abin da ido ba ya gani shi ke ba jiki umarni. Mai Wuta ma bai yarda ba da farko. Tun yana saurayi yake ja wa mutane wayar lantarki, kuma a wurinsa duk abin da ya lalace ana iya kwance shi a duba.

Da matarsa ta fara ramewa, gefen cikinta na hagu ya kumbura, likita ya ce sankarar jini ce. Ya yi masa bayani: a cikin ƙwayoyin da ke samar da jini akwai wani sinadari da ake kira furotin, aikinsa ya isar da saƙon "ku hayayyafa", sannan ya yi shiru. Nata ya maƙale, saƙon ba ya yankewa.

"Ashe makunni ne," in ji Mai Wuta. Hankalinsa ya kwanta.

Aka ɗora ta a kan magani, kullum ƙwaya ɗaya. Ta murmure, ta koma kan keken ɗinkinta, har ta dawo da yi masa mita a kan guntayen wayar da yake watsarwa a tsakar gida. Sai ya ɗauke kwalbar maganin ya ɗora a saman kabad, wurin tsofaffin makunnai. A sana'arsa in ka gyara ka gyara, a sake kiranka abin kunya ne. Ita ma ta gaji da haɗiya, ba ta yi musu ba.

Ɗan ƙanwarsa da ya dawo daga karatu a nesa ya zo gaisuwa, ya hango kwalbar ta yi ƙura.

"Kawu, wa ya ce a daina?"

"Ba ka ganta ba? Jiya saura kaɗan ta jefe ni da almakashi."

"Da sauran lokaci," ta ce daga ɗaki.

"Kawu, maganin bai canja makunnin ba. Danne shi yake yi, kamar yatsa. Ana ɗagawa, ya koma."

Mai Wuta ya daɗe yana kallon kabad. Ya taka kujera ya sauko da kwalbar, ya goge ta da gefen rigarsa. Ya ce gobe da safe za su koma a auna jininta.

"To wa zai riƙa tuna mata kullum?" in ji ɗan ƙanwar tasa.

"Ni mana," ya ce, ya ɗaga babban yatsansa da ya yi kanta saboda aiki. "In dai dannewa ce, ina da yatsa."