Shimfiɗa a Kan Tofa

Shekarar da yunwa ta kama Tamale ita ce shekarar da mijina ya rasu, ya bar ni da yara uku da ciwon baya. Yayarsa ta aiko daga Kumasi cewa in ba zan iya ciyar da su ba, in ba ta autata ta riƙe. Na ce ina! Ina raye?

Wani dattijon Dagomba, aminin marigayi, ya ara mini ɗan fili a bayan unguwar Gumbihini. Tofa ce zalla, ciyawar nan da in ka sare ta yau, jibi ta huda maka ƙafa. Ni kuwa ba na iya sara goma da fartanya ban zauna ba.

Sai na tuna yadda ciyawa ke mutuwa a ƙarƙashin tabarmar da aka manta a waje. Na roƙo takardun buhun siminti wurin magina, na shimfiɗa a kan tofar. Na bi da kashin shanu da nake ɗaukowa kaɗan-kaɗan daga rugar Fulani, na zuba toka da ɓawon gyaɗa, na lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Wata biyu ina wannan jigila. Matan unguwar Aboabo suna cewa na yi wa bola gado. Ko a jikina. Da hadari ya fara haɗuwa, na huda ramuka na zuba irin kuɓewa da yakuwa, da 'yar masarar da na hana yarana ci.

Bayan kwana biyu na hango hayaƙi tun daga hanya. Na tarar da dattijon tsaye da ɗanyen reshe, yana tsare wuta kada ta tsallaka gonar maƙwabci. Haka kowa ke share gona kafin ruwa.

Ya ce, "Ɗiyata, na ga shara ta fi ƙarfinki, ga bayanki. Na ƙone miki. Yanzu sai shuka."

Inna lillahi! Wallahi na so in zage shi. Amma filinsa ne, kuma alheri ya nufa. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba." Ya ji daɗi ƙwarai.

Ba ni da wani iri. Ruwa ya sauko, tofa ta tsiro kore shar, ta fi da.

Ni da kaina na kai autata tashar lorin Kumasi. Tana ta murna za ta shiga mota, har tana tambayata ko yau za mu dawo.