Dami Dubu da Bakwai

Ranar Talata, goma ga watan Disamba na 1963, da hantsi, Ubangiji ya kira bawansa Barnaba Lado na Kurmin Kogi a ƙasar Ikara, mahaifina. Mun binne shi a bayan majami'ar da ya yi wa jinka da hannunsa. Yau kwana tara ke nan, masu gaisuwa sun watse, ni kuma na gaji, gajiyar da ta fi ta noma.

Baba, waɗanda suka zo daga Gubuchi da Hunkuyi har yanzu Sarkin Noma suke kiranka. Ba su yi ƙarya ba. Tun kana Bamaguje, kafin bishara ta iso mu, sau uku ka ɗaure dami dubu na dawa, aka yi biki, makaɗa suka sa maka take. Amma tun da aka yi maka baftisma ka hana a kaɗa taken nan a ƙofar gidanmu, ban kuma taɓa jin labarin dubun daga bakinka ba. Abin da aka yi ta faɗa a zaman makoki ma ba shi ba ne. Bobbo Bafulatani ya ce shekarar da ciwo ya kashe masa shanu ka buɗe masa rumbu, ba ka auna ba. Malam Uwaisu maƙwabcinmu ya ce duk azumi da geronka ake dama kunun gidansa, ko da yake ba wuri ɗaya kuke sujada ba.

Ni kuwa dubun nan ce ta hana ni sakat. Shekara goma sha ɗaya ina binta ban kama ta ba. Duk kasuwar da na shiga sai a nuna ni, ga ɗan Sarkin Noma, ni ko in ji kamar zagi. Sa'o'ina da suka yi boko sun sami aikin ofis a Kaduna tun da Turawa suka tafi. Ni ba takarda, ba dubu.

Bana idanunka suka rufe, ƙafafu suka ƙi. Na ga alamar ba za ka ga wata kaka ba, sai na yi abin kunya. Na ce wa masu ɗauri su rage hannu, abin da zai yi dami biyu su raba shi uku. Da aka ƙirga, dubu da bakwai. Na ɗauko ɗaya na ajiye a gabanka, na durƙusa na ce, "Baba, bana Allah ya cika mana dubu."

Ka laluba ka rungume shi, hannuwanka suka haɗu har da saura. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni ba ka taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wannan". Ran nan ka kira.

"Ya'u, wannan damin naka yaye shi aka yi da wuri?"

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da numfashi ya dawo ka ce, "Ranar da aka tsoma ni a rafi ba wanda ya tambaye ni dami nawa. Yesu da jininsa ya saye ni, ba dawata ya duba ba. Yau ko zangarniya ɗaya ba na iya yankewa, kana gani na rage daraja a wurinsa? To, kai ma haka. Je ka kwance, ka ɗaure na gaskiya."

Ban kwance ba, Baba. Masu ɗauri sun riga sun baza labarin dubun a gari, na ji kunyar idon mutane, na yi ta cewa gobe har ka tafi. Wannan ne ya fi cina. Sai shekaranjiya na shiga rumbu ni kaɗai, na yi ta kwancewa ina sake ɗauri har hannuwana suka tsage.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya karɓe ka a matsayin ɗa kamar yadda ka dogara, ya tashe ka a ranar ƙarshe. Ya ba Inna Hassana haƙuri, da ƙannena Saratu da Ishaku, da 'yan ikkilisiya, da maƙwabta da suka haƙa kabari tare da mu. Ni kuma ya yafe mini, ya ba ni hutu.

Ɗari shida da saba'in da ɗaya ne, Baba. Na rubuta a nan don kowa ya gani.

Ɗanka, Ya'u.