Mai Tsumma Ya Taɓa Firinta

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana share ofis ɗaya, a hawa na biyu, ɗakuna tara da doguwar baranda. Mai Tsumma ake ce masa, domin kullum da tsumma biyu a aljihunsa, na dama na tebur da taga, na hagu na inji, kuma bai taɓa musanya su ba. Ya goge tafireta a zamanin tafireta. Ya goge injin kwafi mai girman firiji. Ya goge kwamfutoci tun suna da ƙatuwar ƙeya har suka koma sirara kamar faranti. A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa nuna wani abu ya ce a hannunsa ya lalace. Ranar da ya yi ritaya an tara mutane, an yi jawabi, an ba shi agogon bango. Agogon ya tsaya bayan wata huɗu.

Ba a makaranta ya koyi goge inji ba. Wani tsohon mai gyara ne da ke zuwa ofis ɗin ya nuna masa, shi kuma ya riƙe. A cire fulogi tukuna, a bar inji ya huce. A bi lungunansa da busasshen buroshi mai laushi. Ba a fesa masa ruwa ko maganin goge gilashi. Ba a hura masa iska da baki, saboda yawu. Akwai ɗan famfon roba na hannu don haka. In dole sai an jiƙa tsumma, a matse shi har hannu ya yi ciwo, kuma bayan inji kawai zai taɓa. Bai iya bayanin dalilan ba, bai kuma damu ya iya ba. Shi dai ya ga waɗanda suka iya bayani, ya kuma ga yadda suke barin shayi a kan kwamfuta.

Da matarsa ta rasu, mai gidan da suke haya kuma ya rushe ɗakunan ya yi shaguna, sai babban ɗansa ya ɗauko shi. Ɗan nan injiniyan hanya ne, kowa Injiniya yake ce masa, har uban. Matarsa tana koyarwa a firamare, ita ce Malama. Aka ba tsoho ɗaki a ƙarshen lungun gidan, kusa da sito, da katifa mai kyau da fanka.

Kwana uku ya iya zama. A na huɗu Malama ta fito da safe ta tarar da falo yana ƙyalli, suruki yana matse tsumma a bokiti.

"Haba Baba! Ai sai ka sa a zage ni a unguwa."

"Wa zai zage ki, 'yata? Ƙasa ce na gani, na kwashe."

Tun daga nan ake ja. Injiniya ya hana, tsoho ya yi shiru, gari ya waye ya sake. Daga ƙarshe Injiniya ya gaji ya ce, "To Baba, yi abinka. Amma duk ranar da wani abu ya lalace, magana ta ƙare, za ka ajiye tsumman nan." Tsoho ya ce ya yarda, har da 'yar dariya. Shi da bai lalata kayan baƙi ba, na ɗansa zai lalata? Abin da yake so bai da yawa. Ya ci abincin gidan nan yana sane da cewa ya yi wani abu a cikinsa, kada ya zama kaya da aka jingine a lungu.

Firintar Malama tana falo, a kan ɗan tebur jikin taga, kusa da akwatin waifai mai ƙyafta fitilu, wanda ke haɗa ta da waya. Tagar kuma titi take kallo, titin da manyan motocin yashi ke bi tun da aka fara gini a bayan layin. Kullum sai tsoho ya ga ƙura ta kwanta a kan murfin, ta shiga bakin takarda, ta toshe ƙofofin iska. Takarda ta fara fitowa da baƙin layi a gefe. Malama takan bugi gefen injin da tafin hannu ta ce ya tsufa. Duk bugun da ta yi, a ƙirjinsa yake ji.

Wata Asabar suka tafi duba mahaifiyar Malama, suka bar shi da gida. Ya cire fulogin firintar, ya jira. Ya shimfiɗa jarida, ya zaro tiren takarda, ya bi ko'ina da buroshi da famfon roba. Ya goge robobin da ke jan takarda ɗaya bayan ɗaya. Inda bai sani ba bai taɓa ba. Awa biyu ya yi a durƙushe, da ya miƙe sai da ya dafa kujera.

A nan ne ya yi tunanin da ya ja masa. In ya mayar da ita jikin taga, kwana uku ta koma yadda take. A ofis, inji yana zama ne inda igiyarsa ta kai, shi ya sa ba a matsar da shi. Wannan kuwa ba ta da igiya sai ta wuta. Da idonsa ya ga Malama tana kicin tana danna waya, takarda tana fitowa a falo. Abin da ba a ɗaure ba, ai ko'ina aka ajiye shi daidai ne. Ya rungumi firinta, ya bi lungu, ya wuce ɗakin yara, ya wuce banɗaki, ya shiga sito. Akwai tsohuwar kabad ta ƙarfe a bayan firiza, mai rami a baya. Ya share ta, ya shimfiɗa takarda, ya zaunar da firinta a ciki, ya zura igiya ta ramin ya sa a soket. Koriyar fitila ta kama. Ya tura ƙofar kabad, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba.

Da suka dawo ya gaya wa Malama. Ta kalli teburin da ba komai, ta ce, "To. Sannu da aiki, Baba." Daga jin sannun ka san ba ta kai ciki ba.

Ranar Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe ta tashi buga takardun jarrabawar 'yan ajinta arba'in da biyu, waɗanda za su zauna ƙarfe takwas. Ta danna waya, shiru. Ta sake, wayar ta ce ba ta ga firinta ba. Ta ruga sito, fitila na ci. Ta kashe, ta kunna, ta danna, babu. Da ta fito sai ta yi karo da bokitin tsoho a lungu, tsumma na ɗiga a bakinsa. Ta tsaya ta kalli bokitin, ta kalle shi. Ta shige ɗaki wurin mijinta, ba ta kuma rufe ƙofa da kyau ba.

"Wanka ya yi mata. Wallahi wanka ya yi mata da ruwan mofa."

"Yi a hankali mana, zai ji."

"Ya ji! Ni zan tsaya gaban shugabar makaranta yanzu in ce me? In ce surukina ya wanke mini jarrabawa?"

Tsoho yana tsaye riƙe da sandar mofa. Da Injiniya ya fito yana ɓalla maɓalli, ya ce, "Ban sa mata ruwa ba."

"Ba a ce ka sa ba, Baba."

"An ce. Na ji."

"To, kada dai kowa ya ƙara taɓa ta sai mai gyara ya zo."

Ranar nan Malama ta yi ta yawon neman shagon buga takarda da ya buɗe, ta isa makaranta tara saura, aka yi mata faɗa a gaban 'yan'uwanta malamai. Wannan gaskiya ne, kuma tsoho bai raina shi ba. Da ta dawo ta gaishe shi kamar kullum, ta kawo masa abinci kamar kullum. Kwana biyu yana mayar da kwanon da rabi.

Mai gyara ya zo ranar Laraba da yamma, wani gajere mai tumbi da jaka a kafaɗa, bakinsa ba ya hutawa. Injiniya ya raka shi sito, Malama na biye, tsoho a can baya jikin ƙofarsa.

"Ina marar lafiyar?"

Injiniya ya buɗe kabad.

Mai gyara ya leƙa, ya juyo, ya fashe da dariya. "Laifin me ta yi kuka kai ta kurkuku? Ina akwatin waifai ɗinku?"

"Yana falo."

"Falo? Wancan da muka baro tun ɗazu?" Ya fito lungu yana ƙirga da yatsa. "Bango ɗaya, biyu, uku. Ga banɗaki da tankin ruwa. Ga firiza. Sannan kuka sa ta a akwatin ƙarfe kuka rufe. Oga, ko kai aka sa a nan ba za ka ji kiran Madam ba."

"Ba ruwa ne ya shige ta ba?" in ji Malama.

"Bari mu gani." Ya cire fulogi, ya fito da ita, ya buɗe, ya haska da tocilan wayarsa. Ya daɗe yana kallo, surutun ya tsaya. Ya shafa robar jan takarda ya duba yatsansa. "Wa ya goge wannan?"

Can tsoho ya ce, "Ni ne."

"Da me, Baba?"

"Buroshi. Da famfo."

"Ka cire wuta?"

"Ana gogewa da wuta ne?"

"A je a tambayi masu kawo mini aiki! Jiya wata ta kawo mini tata tana ƙamshin sabulun wanki." Ya juya ga Injiniya. "Ko ɗigon ruwa babu a nan. Ni da nake cin abinci da aikin nan ba na yin mai kyau haka, don ba ni da haƙurin. Nisa ne kawai. Abin nan kamar murya yake, in ka yi nisa ko ka shiga bayan ƙarfe, ba a jin ka."

Ya ɗauke ta ya mayar falo, ya ajiye a kan teburin jikin taga. Kafin ya gama zuge jakarsa Malama ta danna waya, takarda ta fito fes, babu baƙin layi. Ya ce su matsar da teburin daga taga taku biyu su rufa mata ƙyalle in ba a aiki, suka ce to. A bakin ƙofa ya kama hannun tsoho da hannu biyu ya ce, "Baba, hannun nan naka a yi masa inshora."

Malama ta zo har gabansa ta rusuna. "Ka yafe ni, Baba. Raina ne ya ɓaci." Ya ce babu komai, kuma har zuciyarsa. Ya koma ɗaki ya wanke buroshinsa ya shanya. A ganinsa shari'a ta ƙare, an wanke shi.

Bayan an ci abinci Injiniya ya shigo ɗakin, ya zauna a bakin katifa, abin da bai saba ba.

"Baba, ka dai ji abin da mutumin ya ce. Da ba ka ɗauke ta ba, da duk wannan bai faru ba."

"Ya kuma ce ban lalata ba."

"Ta yi aiki ranar Litinin?"

Tsoho ya girgiza kai.

"To ka gani. Mun yi magana da kai tun farko."

"Cewa ka yi in abu ya lalace. Ga ta can tana aiki, ta fi da."

Injiniya ya shafa fuska. "Baba, ba firinta ba ce kawai. Watan jiya abokin aikina ya zo ya same ka kana goge baranda. Ka san me ya ce mini? Wai a ina na samo dattijon nan, yana son irinsa a gidansa. Na rasa bakin da zan ce masa mahaifina ne."

"Me ka ce masa?"

Injiniya ya kalli fanka.

Tsoho ya gane. Akwai magana a bakinsa game da inda kuɗin makarantar injiniya ya fito, amma ya haɗiye ta. Ɗan da sai an tuna masa, ko an tuna masa ba zai ji ba. Ya miƙe ya tattaro buroshi, da famfon roba, da tsummansa biyu, ya sa a leda ya miƙa. Injiniya ya ce ba sai ya ba shi ba, ya ajiye kawai. Tsoho ya ce a'a, ya tafi da su, in suna ɗakin hannunsa zai kai. Injiniya ya karɓa. Kashegari aka sayo masa kujerar roba mai hannu da ƙaramar rediyo, aka ajiye a inuwar ƙofar gida.

Yau wata bakwai ke nan. Yana gaida masu wucewa, yana kallon motocin yashi. Ba a matsar da teburin daga taga ba, shi kuma bai tuna wa kowa ba. A wata na biyar yatsunsa suka fara ƙagewa da safe, har kofin shayi ya suɓuce masa sau biyu. Injiniya ya tsorata, ya bar aiki ya kai shi asibiti da kansa. Likita ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi aikin da yake yi da, ta ce hannun da ya saba motsi ba a barinsa haka, a nema masa abin yi.

A hanyar dawowa Injiniya ya tsaya a kantin magani, ya fito da wata 'yar ƙwallon roba ruwan ɗorawa. Ya ce a matsa sau hamsin da safe, hamsin da yamma. Tsoho yana matsawa. Bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.