Firjin da ya ƙi hutawa

Jama'a, yau na ga ikon Allah!

Ƙawayena za su zo daga Ƙofar Gayan bayan azahar ganin sabon firjinmu. Na buɗe in duba furar da na dama musu. Ta zama dutse! Ƙwai duk ya fashe. Kwana uku ke nan injin yana ta ƙugi, bai tsaya ba.

Maigida ya hau Vespa ya ɗauko Malam Sani mai gyara. Malam Sani yana leƙawa ciki sai ya ja da baya.

Ya ce, "Hajiya, wannan siririyar wayar ita ke jin sanyi ta kashe injin. Wa ya naɗe ta da laya?"

Laya kuwa, fata mai kauri! Ina waya za ta ji sanyi?

Sai ga Inna, mahaifiyar maigida. Ta ce, "Ni ce. Yabon ya yi yawa, kar baki ya kashe mana shi."

Malam Sani ya ce, "Inna, sai an cire fa."

Ta harare shi. "A cire? Yau kwana uku ko sau ɗaya bai mutu ba!"

Yanzu haka fura tana rana, kuma an rasa mai taɓa layar.