Gonar Ya Falmata Mai Cin Batir

"Tsaya, ina ban ruwa!" Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a rumfar Ya Falmata a Baga Road ya sha wannan amsar. Kuna dariya ko? Ai kun tuna. Yayar babanmu ce, ni kuwa Hauwa ni ke taya ta zaman rumfa, don haka na ga abin da ba ku gani ba.

'Yar na'urar wasan nan a aljihun wata rigar gwanjo ta tsince ta a Kasuwar Kwastam. Tsohuwar yayi ce, toka-toka, allonta bai kai kwalin ashana biyu ba. A ciki akwai ƙauye, da gona, da kaji, da mutane ƙanana masu katon kai. Rubutunsu ko 'yan bokon gidanmu sun kasa karantawa, amma ita wallahi hira take da su. Kun san ta baro gonarta ta bakin tafki da gudu lokacin tashin hankali, ko zani na biyu ba ta ɗauko ba. To wannan ta ciki ita ta maye gurbinta, kuma ta rantse ba za ta bar ta ta mutu ba.

Wata rana wani Alhaji daga Kano ya zo da mota zai ɗauki kifi kwali-kwali. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Hajiya, sauri nake yi."

"Alhaji, kifin nan ya riga ya mutu, ba inda za shi. Kabewata ce ke da rai."

Ya leƙa don ya ga abin da ya fi cinikinsa muhimmanci. Kafin ka ce me, ga Alhaji tsugune da babbar riga yana cewa, "Hajiya, kin tsallake wancan layin!"

Da ta yi girbin farko kuwa, har gidan liman ta je tambayar zakka. Liman ya juya na'urar, ya ce, "Ya Falmata, babu zakka a kan wannan."

Ta yi godiya, ta dawo, ta fitar da zakkarta tsaf, ta kai wa wani tsoho mai sanda da ke ƙarshen ƙauyen cikin wasan. Na ce, "Ya, ba liman ya ce babu ba?"

"Shi liman ya taɓa shiga ɗakin tsohon nan? Ko tabarma babu!"

Sai kuma saurayin. A cikin wasan akwai wani mai jar hula da kullum yake tare ta da fure a bakin rijiya. Muka ce ta karɓa mana, ai wasan ma so yake a yi aure.

"Tir! Ina magabatansa? Ba goro, ba turaren wuta, sai ciyawa? Ni akuya ce?"

Shekara da shekaru bawan Allahn nan yana zarya.

Abin da ya sa na daina yi mata dariya shi ne ranar da allon ya fara ɗauke-ɗauke. Mai gyara a Gamboru ya ce akwai wani ɗan batir a cikin kaset ɗin wasan da ke cushe a bayan na'urar, shi ke riƙe da gonar, kuma ya kusa ƙarewa. In ya mutu, komai ya goge. Yayana Bukar ya ce, "Ya, ki bar tsohon abin nan. Zan saya miki waya, akwai gona mai kala har da tarakta."

Ta dube shi, babu wasa a fuskarta. "Bukar, na bar gona sau ɗaya da gudu. Ba zan ƙara ba."

Mai gyara ya ce sai dai a canza batirin alhali na'urar tana kunne, kuma in hannunsa ya yi rawa, shi ke nan. Ta tsaya a kansa tana jan carbi, shi yana zufa kamar mai yi wa mutum tiyata, maƙwabtan shago sun yi cirko-cirko. Da ya gama, ta danna, sai ga kajinta suna yawo. Jama'a suka ɗauki kabbara! Ni dai ban taɓa ganin mutum ya riƙe abu da gaskiya haka ba.

Da ciwon ajali ya kama ta, a gadon asibiti ta damƙa mini na'urar. "Da safe ake ban ruwa, ba da rana ba. Kuma kada ki kula mai jar hular nan."

Bayan sadakar uku na kunna. Ganyen kabewar ya yi yaushi, tsoho mai sanda yana bakin ƙofarsa, mai jar hula yana bakin rijiya da furensa. Ban san yadda zan gaya musu ba. Na ɗauki bokiti na yi ban ruwa ina kuka.

Allah Ya jiƙanki, Ya Falmata. Allah Ya ba ki gona a Aljanna, mai ruwa a gindinta, wadda babu mai sake korar ki daga cikinta. Amin.