Farar macijiyar da Yasir ya bar mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina ɗaura mukayyif, wato AC, a bayan mota ƙanen Yasir ya kira ni. Yasir mai macizai na unguwar Madain Fahd a nan Jidda ya rasu a asibiti, bai farfaɗo daga aikin zuciyar da aka yi masa ba.



Ni mai gyaran AC ne, kuma sana'ar ce ta haɗa mu. Wata rana da tsakar zafi ya kira ni hankali a tashe, wai na'urar ɗakinsa ta tsaya, in taimaka in zo kafin "yara" su mutu. Na bar abincina na garzaya. Ina shiga na tarar da robobi jere har sama, kowace da maciji a ciki. Wallahi takalmina ɗaya a can na baro shi.

Ya biyo ni waje da takalmin a hannu yana dariya. "Ya mu'allim Isa, ba su da dafi, wallah masakin ne, abin tausayi. Zafin nan zai kashe su." Na koma na yi gyaran ina karanta duk addu'ar da na sani.

Ni mutumin Damagaram ne. A gidanmu ko sunan abin ba a faɗa in rana ta faɗi, sai dai a ce igiyar ƙasa. Ga shi Allah ya haɗa ni abota da mai kiwonsu.

Launi yake nema. Ya haɗa wannan da waccan, ya jira ƙwai, ya jira 'ya'yan su girma, ya sake haɗawa. Ya ce mini launi yakan ɓuya a jikin iyaye, sai a jika ya fito. "Kamar Hausata," in ji shi. "Babana haihuwar Jidda ne, ba ya iya haɗa jimla. Ni ta fito mini daga wajen kakata." Burinsa ya samu fara fat mai jajayen idanu daga kiwon hannunsa. Shekaru ya yi yana bin ta, ni kuwa ina tsokanarsa wai mutane na neman Aljanna shi yana neman farin maciji.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu a gida, iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana wajen sabuntawa, ban samu zuwa ba. Na kulle kaina a ɗakina a unguwar Waziriyya, abinci ya fita raina. Kowa ya zo da wa'azi. Yasir kuwa sai ya ajiye kular shinkafa a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya yi tafiyarsa. Kullum haka, har na fara ci.

Daga baya na tambaye shi me ya hana shi shigowa. Ya ce jinjirin macijin da ya ƙi cin abinci ba a tsaya masa a ka, ajiye masa ake yi a rufe a ba shi wuri. Na ce to na gode, ashe maciji ka mai da ni.

A bana farar ta fito. Ita kaɗai a cikin 'yan'uwanta, siririya kamar igiyar takalmi. Ya kira ni yana magana Larabci da Hausa na karo da juna. Sai dai da ta saɓe fatar farko, 'yan'uwanta duk suka kama ci, ita ta ƙi. Makonni suna wucewa tana ramewa, kuma ya ce in ta ci gaba a haka ba za ta rayu ba.

Ana gobe za a kwantar da shi a asibiti ya zo shagona. Sauran macizan ya raba wa abokan kiwonsa, ita kuwa ya ajiye mini robarta a kan tebur.

Na ce, "Yasir, duk Jidda ka rasa wanda za ka ba sai matsoraci?"

Ya ce, "Shi ya sa. Su za su dinga buɗe ta suna dubawa. Kai tsoro ba zai bar ka ka dame ta ba."

Ya nuna mini yadda zan narkar da jinjirin ɓera na firiza a ruwan ɗumi, in goga masa saɓar tsaka don ƙanshin ya ja ta, in sa mata, in rufe, in fita. "Kada ka yi mata dole. In ta ci, ka kira ni ko ina ɗakin tiyata. Yalla, fi amanillah." Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na gwada, ta ƙi. Na sake gwadawa, ta ƙi. Jiya da yamma na ƙara sa mata na rufe, yau kuma labarin nan ya mantar da ni ita gaba ɗaya.

Sai yanzu da muka dawo daga maƙabarta na tuna. Na ɗaga murfin a hankali. Babu ɓeran. Tana naɗe a lungu, tsakiyar cikinta ya yi tudu.

Ta ci.

Na ciro waya har na nemo sunansa kafin in tuna inda muka baro shi. A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini. Mutum ɗaya ne a duniya wannan labarin zai sa ya yi tsalle, kuma ba ya nan, shi ya sa nake gaya muku.

Ya Allah ka gafarta wa Yasir. Ya tausaya wa halittar da kowa ke ɗaukar mata sanda, ka tausaya masa. Ka haskaka kabarinsa, ka ba mahaifiyarsa da ƙannensa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko da ba ka ƙaunar maciji kamar ni, don Allah ka sa shi a addu'arka.