Kunun da Ya Hana Khairiyya Ɗinki

Hure mai ƙuli-ƙuli, matar jikana Sama'ilu, ba ta da surutu. Ni ce mai bakin gidan, shi ya sa labarinta ya faɗo hannuna.

A wani ƙauye gefen Bagwai muke, inda gonar wannan ke leƙa ɗakin wancan. Da ta haifi Khairiyya, leɓen yarinyar na sama a tsage yake har hanci. 'Yan barka suka cika ɗaki, kowacce da iliminta. Kulu maƙwabciyarmu ta ce ai Hure ce ta yi wa wani dariya da ciki. Na ce, "To ke, wa uwarki ta yi wa dariya aka samo wannan goshin?"

Yarinya ba ta iya kama nono. Hure ta dinga tatsa tana ba ta da cokali, rabi ya wuce, rabi ya dawo ta hanci. Ta goya ta zuwa wani asibiti a birni, inda likitocin ɗinkin leɓe kan zo jefi-jefi, aka ce nauyinta bai kai ba. Wani zuwan tari ya kama ta. Wani kuma ya faɗo tsakiyar damina, Sama'ilu ya ce a bari gero ya shigo. Gero ya shigo, likitoci sun tafi.

Khairiyya ta isa makaranta. Ranar farko yara suka laƙaba mata suna, ta dawo ta ce ba za ta koma ba sai an gyara mata baki. Tun daga nan tana gindin turmin uwarta, da bakin hijabi a kan fuska.

Bana aka ba su rana. Nas ta ja kunnensu: kada komai ya shiga cikin yarinyar kafin aiki. Hure ta hana ta ko ruwa, ita ma ta ƙi karyawa. Shi kuwa gogan, Sama'ilu, ya karɓo rubutu wurin malaminsa, don a wajenmu ba a kai mutum ƙarƙashin wuƙa ba tare da shi ba. Yarinya ta kurɓa ta tofar. Da Hure ta je karɓo rigar asibiti, sai ya juye rubutun cikin kunun gyaɗa, yarinya ta shanye kofi guda tas.

A ƙofar ɗakin tiyata likita ya tambaya ko ta ci wani abu.

Hure ta ce, "Ko ruwa."

Khairiyya ta ce, "Na sha kunun Baba."

Sama'ilu ya gyara hula. "Ba abinci ba ne, likita, addu'a ce."

Likita ya ce, "Malam, addu'a ba ta hana aiki. Kunun ne zai iya komawa huhunta idan muka sa ta barci."

Ita ce ta ƙarshe a layi, kuma ranar likitocin za su kama hanya.

Da suka dawo gida na ce, "Angona, da ka tofa mata a ka, wa zai hana ka? Sai da ka haɗa da gyaɗa?"

Ya ce, "Kaka, taimako fa na yi."

Na ce, "Allah ya raba mu da irin taimakonka."

An koma makaranta, Khairiyya tana gida. Jiya dai, Hure tana matsar mai, ta ce mini in likitocin sun dawo ita kaɗai za ta kai ta, kuma sai an gama ɗinki Sama'ilu zai ji.